Yadda Ake Jera Gwanayen Gudun Dogon Zango a Cikin 'Yan Matan Sakandaren Amurka

Masu bin wasan guje-guje na makarantun Amurka suna da wani musu da ba ya ƙarewa a tsakaninsu, wato wace yarinya ce ta fi kowa a gudun dogon zango tun da aka fara rubuta sakamako. Wani zai ce Mary Cain, wani ya ce Katelyn Tuohy, dattawa su ce ba a yi kamar Mary Decker ba, matasa kuwa tun daga 2025 ba sa son jin sunan kowa sai na Jane Hedengren. Abin da ke hana musun mutuwa shi ne kowa da mudun da yake awo da shi, kuma galibi mutum yakan zaɓi gwanarsa tukuna, sannan ya je neman mudun da zai cika da ita. Idan kana so ka yi jerin da zai tsaya da ƙafarsa a gaban wanda bai yarda da kai ba, sai ka juya al'amarin: ka sassaƙa mudunka, ka rubuta ƙa'idojinka a takarda, sannan ka fara kiran sunaye.

Shata iyaka kafin komai

Sakandare a Amurka shekara huɗu ce, daga aji na 9 zuwa na 12, kuma ɗalibai sukan shiga suna da kimanin shekara 14 su fita suna da 18. A tsarin Nijeriya wannan ya yi daidai da ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare haɗe da azuzuwa uku na babba. Ƙa'idar farko ita ce abin da yarinya ta yi a cikin waɗannan shekaru kaɗai za ka ƙirga, har zuwa ƙarshen bazarar da ta kammala makaranta.

Sai ka yanke shawara a kan abin da kake nufi da dogon zango. Babu gardama a kan mita 1500, da mil ɗaya, da mita 3000, da mil biyu, da mita 5000, da kuma gudun ratsa daji, wanda ake yi a kan ciyawa da tudu da laka maimakon shimfiɗaɗɗen fili. Inda ake rabuwa shi ne mita 800. Idan ka shigar da shi gaba ɗaya, dole Kim Gallagher ta Pennsylvania ta hau can sama, domin lokacin da ta yi a 1982, wato 2:00.07, ya yi shekara 31 ba a karya shi ba. Ni shawarata ita ce a ɗauki mita 800 a matsayin ƙarin hujja ga wadda ta riga ta nuna kanta a zango mai tsawo, amma kada ya zama shi kaɗai ne ƙofar shiga, saboda horon da yake buƙata ya fi kusa da na masu gajeren zango.

Akwai kuma batun waɗanda suka koma ƙwararru suna karɓar kuɗi alhali ba su gama makaranta ba. Mary Cain ta yi haka a ƙarshen 2013, Alexa Efraimson ta jihar Washington ta bi sahu a 2014. Masu ajiye tarihin makarantu ba sa ƙirga abin da suka yi daga wannan rana, shi ya sa 4:24.11 da Cain ta yi a mil ɗaya a watan Janairun 2014, da 4:03.39 da Efraimson ta yi a mita 1500 a 2015, ba sa cikin kundin sakandare, ko da yake dukansu biyu ɗalibai ne a lokacin. Kana da 'yancin bin wannan ƙa'ida ko saɓa mata, abin da ba ka da 'yancinsa shi ne ka ƙirga wa ɗaya ka hana ɗaya. Ni ina bin ƙa'idar masu kundin, domin wadda ta daina sa rigar makarantarta ta bar gasar da takwarorinta ke ciki.

Maida dukkan lokuta harshe ɗaya

Da farko, yadda ake karanta alƙaluman: 4:04.62 na nufin minti 4 da daƙiƙa 4 da ɗigo 62. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne jihohin Amurka ba zango ɗaya suke gudu ba. Yawancinsu suna yin mita 1600 da 3200, 'yan matan jihar Niyok sun daɗe suna yin 1500 da 3000 a gasar jiharsu, manyan tarukan gayyata kuma sun fi son mil ɗaya da mil biyu. Wanda ya jera waɗannan lokuta a layi ɗaya ba tare da gyara ba ya haɗa tiya da mudu.

Mil ɗaya mita 1609 ne da ɗan ɗoriya, saboda haka ya fi mita 1600 tsawo da mita 9 da wani abu, abin da zai ci wa yarinya mai sauri kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Mil biyu ya fi mita 3200 da kusan mita 19, wato kimanin daƙiƙa uku da rabi. Don maida mita 1500 zuwa mil ɗaya kuwa, masu lissafi sukan maida lokacin daƙiƙoƙi zalla su ninka da 1.08.

Ga yadda wannan ɗan lissafi ke sauya hukunci. A 1991 Melody Fairchild ta garin Boulder ta zama ɗalibar sakandare ta farko da ta gama mil biyu cikin ƙasa da minti 10, inda ta yi 9:55.92. A 1996 Kim Mortensen ta Thousand Oaks a Kalifoniya ta yi 9:48.59 a mita 3200. Mai kallon alƙaluma a sama-sama zai ce Mortensen ta ba Fairchild tazarar fiye da daƙiƙa bakwai, amma idan ka ƙara wa Mortensen mita 19 ɗin da ba ta gudu ba, lokacinta ya koma kusan 9:52, tazarar ta ragu zuwa ƙasa da daƙiƙa huɗu. Ka ƙara da cewa Fairchild a rufaffen fili ta yi nata, inda zagayen ya fi gajarta kuma kwana ta fi yawa, sai ka ga sun kusa yin kankankan.

Misali na biyu ya fi wannan ban sha'awa. Hedengren ta yi mil ɗaya cikin 4:23.50 a watan Yunin 2025. Cain ta yi mita 1500 cikin 4:04.62 a watan Mayun 2013, wato daƙiƙa 244.62, wanda idan ka ninka da 1.08 zai ba ka kimanin 4:24.2. Ashe ke nan tsakanin waɗannan biyun a wannan zango bai kai daƙiƙa ɗaya ba, duk da shekara 12 da ke tsakaninsu. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ka ware lokutan rufaffen fili daban da na fili buɗaɗɗe, ka kuma sa alama a kan waɗanda aka ɗauka da agogon hannu, waɗanda za ka gane su da lamba ɗaya tak bayan ɗigo, kamar 9:08.6. A dogon zango bambancin agogon hannu da na'ura bai taka kara ya karya ba, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa. Tsayin ƙasa ya fi shi muhimmanci: Boulder na sama da mita 1,600 daga doron teku, Los Alamos ya wuce mita 2,000, kuma duk gudun da aka yi a irin waɗannan wurare yakan fito a hankali saboda ƙarancin iska. Ka duba inda aka yi tseren, ba inda yarinyar take zaune ba.

Auna kowa da zamaninta

A nan ne yawancin jerin da ake yi suke tuntuɓe, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Idan agogo kaɗai za ka bi, aikin ya ƙare kafin a fara, domin kusan duk manyan lokutan na 'yan shekarun nan ne. Hedengren ta yi mita 5000 cikin 14:57.93 a watan Afrilun 2025, ita ce ɗaliba ta farko da ta sauka ƙasa da minti 15, ta yi mil biyu cikin 9:17.75, ta yi mita 3000 cikin 8:40.03. Babu wadda ta gabace ta da ta zo kusa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce nawa ne nata a cikin wannan tazara, nawa ne kuma na zamanin da aka haife ta a ciki.

Ka tuna da halin da na farko suka tarar. Sai a 1972 ne shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar ilimin da ta ƙunshi sashen da Amurkawa ke kira Title IX, wanda ya haramta nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kafin haka makarantu da dama ba su da ƙungiyar guje-guje ta mata sam, sai dai yarinya ta shiga kulob a wajen makaranta. Hatta a gasar Olamfik, an cire tseren mita 800 na mata bayan 1928 ba a dawo da shi ba sai 1960, an fara mita 1500 a 1972, mita 3000 da gudun fanfalaki a 1984, mita 5000 kuwa sai a 1996. Saboda haka lokacin da Francie Larrieu ta yi 4:16.8 a mita 1500 a 1969, ta yi shi ne a zangon da ko Olamfik ba ta yarda mata su yi ba, kuma lokacin da Lynn Bjorklund ta Los Alamos ta yi 9:08.6 a mita 3000 a 1975, saura shekara tara zangon ya shiga gasar.

A ɗaya gefen kuma akwai takalmi. Tun daga 2017 aka fara sayar da takalman gudu masu kumfa mai taushi da faranti mai tauri a ciki, zuwa 2020 kuma irin wannan ƙira ta iso ga takalma masu ƙusoshi da ake sawa a fili, har hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmi a wannan shekara. Babu mai musun cewa suna ƙara sauri, ko da yake amfanin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ban da takalmi, yanzu ana shirya wa ɗalibai tsere na musamman da daddare lokacin da iska ta kwanta, a sa musu mai jan gudu a gaba, wani lokaci ma a saka su cikin 'yan jami'a da ƙwararru. Yarinyar 1982 sau da yawa ita kaɗai take gudu a gaba tun daga zagaye na biyu, ba mai kora ba mai ja.

Kada ka yi ƙoƙarin cire wa 'yan yanzu wasu daƙiƙoƙi da ka ƙiyasta da ka, domin duk lambar da ka zaɓa son zuciyarka ne zai zaɓa maka ita. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka yi wa kowace yarinya tambayoyi biyu da alƙaluma ke iya amsawa. Ta farko, da nawa ta rage tarihin da ta tarar? Jordan Hasay ta yi 4:14.50 a mita 1500 a 2008, shekara biyar bayan haka Cain ta zaftare kusan daƙiƙa goma daga wannan lokaci, abin da ba a saba gani ba a zango gajere irin wannan. Natalie Cook ta yi 15:25.93 a mita 5000 a 2022, Hedengren ta fi ta da daƙiƙa 28 cif, kuma dukansu a zamanin sabon takalmi suka yi gudu, saboda haka wannan tazarar tata ce ba ta takalmi ba. Tambaya ta biyu, shekara nawa tarihin nata ya yi a tsaye? Polly Plumer ta Irvine ta yi mil ɗaya cikin 4:35.24 a 1982, kuma a buɗaɗɗen fili ba a karya shi ba sai da Tuohy ta yi 4:33.87 a 2018, bayan shekara 36. Na Mortensen ya yi shekara 22, shi ma Tuohy ce ta kawar da shi da 9:47.88.

Sai dai a yi hattara da tambaya ta biyu. Wani tarihin yakan daɗe ne don ƙarfinsa, wani kuma don ba a cika yin zangon ba. Mita 5000 a fili ba zangon gasar jihohi ba ne, kuma kafin 'yan shekarun nan ɗalibai ƙalilan ne ke gwada shi, saboda haka tsufan tarihi a nan bai kai nauyin tsufansa a mita 1600 ko 3200 ba, waɗanda dubban 'yan mata ke gudu kowane mako.

Gudun ratsa daji: kada agogo ya ruɗe ka

A wannan fanni lokaci ba shi da ma'ana sai an ambaci filin. Jenna Hutchins ta Tennessee ta yi 15:58 a Huntsville a watan Nuwamban 2020, ta zama ta farko da ta sauka ƙasa da minti 16 a mita 5000 na ratsa daji. Fairchild kuwa 16:39 ta yi a Balboa Park na San Diego a 1990. Wanda ya ce Hutchins ta fi da daƙiƙa 41 bai san filayen ba: na Huntsville an san shi da saurin gudu, na San Diego kuma yana da tudun da ake hawa sau biyu, kuma lokacin Fairchild ya haura shekara 30 yana tsaye duk da cewa zaratan ƙasar sun yi ta zuwa filin shekara bayan shekara.

Abin da za ka ƙirga a nan shi ne nasara da tazara, sannan lokaci a fili ɗaya. Manyan gasannin ƙasa guda biyu ne. Ta farko, wadda galibi aka riƙa yi a San Diego, an fara ta a 1979 da sunan kamfanin Kinney, aka sauya mata suna zuwa Foot Locker a 1993, kuma an riƙa shiga zagayenta na ƙarshe ne ta hanyar gasannin shiyyoyi huɗu. Ta biyu ta kamfanin Nike ce a Portland, wadda aka fara a 2004 don ƙungiyoyin makarantu, aka buɗe ta ga ɗaiɗaikun 'yan gudu a 2008. Wannan rabuwa tana da tasiri a kan jerinka. Erin Keogh da ta ci 1985 da 1986, da Fairchild da ta ci 1989 da 1990, sun ci ne a lokacin da duk gwanayen ƙasa ke taruwa wuri ɗaya. Daga 2008 kuwa shekara ɗaya tana iya samar da zakaru biyu da ba su haɗu a tseren ƙarshe ba, kamar 2017, inda Tuohy ta ci a Portland, Claudia Lane ta ci a San Diego. Don haka idan ka rubuta kambu a gaban suna, ka rubuta a gefensa waɗanda aka doke da waɗanda ba su zo ba.

Tazara tana faɗin abin da kambu ba ya faɗi. Amber Trotter ta Ukiah ta ci gasar Foot Locker ta 2001 a Orlando cikin 16:24 da tazarar daƙiƙa 40, wato ta tsallake layi alhali ta biyu tana da sauran mita kusan 200 a gabanta. Tuohy ta yi irin wannan fintinkau a 2017, ta sake ci a 2018, ta kuma ci karo na uku a 2019, amma wannan karon da ƙyar, da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Tun da gasar Nike ta koma filin Glendoveer a 2014, kana iya kwatanta kai tsaye: Tuohy ta yi 16:37.8 a 2018, Hedengren ta yi 16:32.7 a 2024. Daƙiƙa biyar ke nan a fili ɗaya, a zangon da a shimfiɗaɗɗen fili tazararsu ta kusa daƙiƙa 40, domin mafi saurin lokacin Tuohy a mita 5000 shi ne 15:37.12 da ta yi a rufaffen fili a 2018. A kan ciyawa da laka, inda takalmi da mai jan gudu ba su da tasiri sosai, ramin da ke tsakaninsu ya kusa cikewa, kuma wannan hujja ce da bai kamata mai jeri ya tsallake ta ba.

Karawa da manya

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma babu gwajin da ya kai a saka ɗaliba cikin matan da gudu ne sana'arsu. Wannan ma'auni yana da wata fa'ida ta musamman, wato ba ya buƙatar gyaran zamani, domin yarinyar da manyan nata takalmi ɗaya da fili ɗaya suka samu. A 1973 Mary Decker, tana 'yar shekara 14, ta ci tseren mita 800 a karawar Amurka da Tarayyar Sobiyet a Minsk. A 1984 Cathy Schiro ta New Hampshire, tana da shekara 16, ta zo ta tara a gasar zaɓen 'yan fanfalakin Olamfik da 2:34:24, kuma a ƙarshen wannan shekara ta ci gasar Kinney. A 2008 Hasay ta yi 4:14.50 ɗin nan ne a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar zaɓen 'yan Olamfik a Eugene, doguwar sumarta na kaɗawa a bayanta, 'yan kallo suka tashi suna rera mata cewa ta zo jami'ar Oregon, kuma can ɗin ta tafi daga baya.

Cain ce ta fi kowa a wannan fage. A watan Yunin 2013, a filin nan na Eugene, ta zo ta biyar cikin manyan 'yan mita 800 na duniya da 1:59.51, ta karya tarihin Gallagher, har Alysia Montaño, wadda aka sani da sa fure a gashinta in za ta yi tsere, ta cire furen ta ba ta. Bayan wata biyu ta kai zagayen ƙarshe na mita 1500 a gasar duniya a Mosko tana da shekara 17.

Abin da ya faru bayan makaranta

Ka rufe idonka a kansa, ko alheri ne ko akasinsa. Deena Drossin, wadda aka fi sani da Deena Kastor, ta ci lambar tagulla a fanfalakin Olamfik na 2004, Shalane Flanagan ta ci fanfalakin birnin Niyok a 2017, amma babu ɗayarsu da ta ci gasar ƙasa ta ratsa daji a sakandare, don haka sunansu na baya ba zai ɗaga su a nan ba. Haka kuma lambobin zinare biyu da Decker ta ci a gasar duniya a Helsinki a 1983 ba su da kujera a lissafinka. Ta ɗaya ɓangaren, da yawa daga cikin zakarun sakandare sun dushe, har aka daɗe ana cewa akwai baki a kan gasar Foot Locker, domin babu macen da ta ci ta sannan ta ci gasar ratsa daji ta jami'o'i kafin Molly Seidel, zakarar 2011, wadda ta yi hakan a 2015. Dalilan dushewar sanannu ne: sauyin jiki a shekarun balaga, da horo fiye da ƙima, da ƙarancin abinci. Cain da kanta ta bayyana wa duniya a 2019 cewa matsin lambar rage nauyin jiki ya kai ta ga karaya sau biyar. Rage wa yarinya matsayi saboda irin wannan zalunci ne na biyu.

Haɗa maki, sannan a sa hankali

Ka raba maki 100 kafin ka duba kowane suna. Rabon da nake amfani da shi shi ne 35 ga lokuta bayan an auna su da zamaninsu, 30 ga nasarori a gasannin ƙasa, 20 ga karawa da manya, 15 ga ɗorewa da yawan zangunan da ta iya. Kana iya sauya rabon, amma ka sauya shi yanzu, ba bayan ka ga gwanarka ta faɗi ba. Inda abin da ya fi ƙarfin yarinya ya hana ta gudu, kamar annobar korona da ta cinye wa Tuohy kakar gudunta ta ƙarshe a 2020, ka auna ta da abin da ta samu damar yi, kada ka ƙaga mata abin da da za ta yi.

Da wannan mudu, ga abin da ya fito mini. Cain da Hedengren sun yi kusan daidai a ma'aunin lokuta: Hedengren ta fi a duk zangon da ya wuce mil ɗaya, kuma da tazara mai yawa, amma Cain ta yi abin da ya yi daidai da mil ɗinta tun kafin sabon takalmi, ta haɗa da mita 800, da 9:38.68 a mil biyu, da 15:45.46 a mita 5000, duk a 2013. A gasannin ƙasa Hedengren ce gaba, tun da Cain ba ta taɓa cin gasar ƙasa ta ratsa daji ba, ta biyu ta zo a bayan Sarah Baxter a Portland a 2012. A karawa da manya kuwa zagayen ƙarshe na Mosko ya raba gardama. Saboda haka na sa Cain ta ɗaya, Hedengren ta biyu, da tazarar da idan wani ya rage makin karawa da manya daga 20 zuwa 10 za ta juye, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba matuƙar tun farko ya rubuta hakan.

Tuohy ce ta uku, domin babu wadda ta kai ta a nasarori da ɗorewa, sai dai ba ta da wata babbar karawa da manya da za a nuna. Na sa Fairchild ta huɗu saboda kambu biyu, da lokacin Balboa Park, da karya shingen minti 10, da kuma matsayi na uku da ta samu a gasar ratsa daji ta matasan duniya a Beljiyam a 1991. Decker ta zo ta biyar, kuma na san wannan zai ɓata wa dattawa rai, amma ƙa'idar da na kafa a kan mita 800 ita ta rage mata maki, ga shi kuma ta gama makaranta kafin a fara gasar Kinney. Daga na shida zuwa na goma, Hasay da Schiro da Bjorklund da Mortensen da Plumer suna kusa da juna har sai ka koma kan sakamakon kowane tsere ɗaya bayan ɗaya kafin ka raba su, kuma idan ka gama, ka rubuta shekarar da ka yi jerin a samansa tare da rabon makin da ka yi amfani da shi.